Rariyar Aro

Ni ban yi boko ba. Abin da na sani da kunne na ɗauke shi, da baki kuma nake bayar da shi. To, ga abin da ya gudana tsakanina da wata mata mai shirya shiri a gidan talabijin, a kakar da ciwo ya kwantar da ɗana na fari. Na faɗi matsayinsa sau ɗaya don a gane. Daga nan zan ce yayansu, yadda bakina ya saba.

Mu a zamaninmu, a Babban Mutum da ƙauyukan da ke kewaye da shi, mace ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi. Ana yaye shi aka kai shi wurin mahaifiyata, a wani ƙauye mai nisan tafiyar hantsi daga gidan mijina. Can ya tashi. Ita yake kira Inna. Ni kuwa da ya ji ƙannena suna ce mini Yaya sai ya bi bakinsu, har yau da furfura a gemunsa Yaya yake ce mini. In ya zo gaisuwa sai ya durƙusa a bakin ƙofa, ni ina ciki, fuskata na kallon bango. In ce, "An zo lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau." In tambayi matarsa, in tambayi yara. Shi ba na tambayarsa. Haka muka yi shekara hamsin da ɗoriya. Ban ga laifin haka ba, shi ma bai taɓa cewa uffan ba.

Malamin dabbobi ya zama. A kan babur ya ƙare ƙarfinsa, da akwatin allura ɗaure a baya, yana bin rugage har bakin iyaka. Da ya ajiye aiki ya zauna a Daura, bai cika shekara biyu ba hawan jini ya buge shi. Ɓarinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Na je dubiya. Na zauna a ɗakin matarsa, na ce mata, "Yaya mai jiki?" Ta ce da sauƙi. Na kwana biyu na dawo. Sau ɗaya na hango shi ta gefen labule, ana ba shi kunu a baki.

Ana cikin cirar gyaɗa matar talabijin ɗin nan ta zo. Ba ta faɗo mini kai tsaye ba. Ta fara da mai gari, mai gari ya haɗa ta da ɗana, ƙanen mai jinyar, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu, shi kuma ya shigo ya nema mata izini. Mace ce da ba za ta wuce arba'in ba, da gilashi a ido da ƙatuwar jaka a kafaɗa. Ta cire takalmi tun daga nesa. Aka ba ta kujera, ta ture ta gefe ta zauna a ƙasa.

Ta ce suna da wani shiri a kan mutanen da suka yi wa ƙauyuka aiki ba tare da hayaniya ba, kuma makiyaya ne suka nuna musu shi malamin dabbobin.

"Iya, magana ta yi masa wuya yanzu. Matarsa za ta yi, wani arɗo zai yi. Amma ƙuruciyarsa fa? Wa zai faɗa mana in ba ke ba?"

Na ce, "'Yar nan, kin yi ɓatan hanya. Wadda ta raine shi tana ƙasa."

Na zaci za ta matsa. Ba ta matsa ba. Sai ta tambayi gwiwata, don ta ga yadda nake miƙe ƙafa. Ta tambaya ko ina cin goro. Ta zaro wani littafi mai baƙin bango tana rubutawa. Na ce me ake rubutawa a kaina kuma?

Ta ce, "Baƙina da yawa, Iya. Wani ba ya son a kira shi da sassafe, wani ba ya shan ruwan sanyi, wata in ba a fara gaida mijinta ba ba za ta buɗe baki ba. In ban rubuta ba sai in ɓata wa mutum rai ban sani ba."

"Ni me kika sa?"

"Gwiwar hagu. Farin goro. Kada a matsa mata."

Ban so yin dariya ba, amma na yi.

Bayan mako guda ta dawo da man zafi da farin goro, ba ta ɗauko zancen ba sai da za ta tafi. A zuwa na uku na yarda. Ban faɗa mata dalili ba. Dalilin shi ne abin da na hango ta gefen labule. Na ce mata da sharaɗi uku: ba za a tambaye ni sunansa ba, ba za a haɗa mu wuri ɗaya ba, kuma ba za a nuna wa duniya ba sai na gani da idona. Ta rubuta, ta karanta mini, na ce haka ne.

Ranar ɗauka suka aiko mota. Muka shiga Daura da hantsi, muka ratsa ta wajen rijiyar Kusugu zuwa gidansa. A tsakar gida suka shirya. Ga fitilu a kunne da rana tsaka, ga wayoyi a ƙasa kamar igiyar guga. Ita da kanta ta maƙala mini ɗan abin magana a wuyan riga, ta soke wani ƙaramin akwati a ƙugun zanina. Ta raɗa mini cewa yana can ɗakinsa, ba zai fito ba.

Wanda zai yi mini tambayoyi daban ne. Shi ne mai gabatarwa, wanda ake gani a talabijin, ita kuwa a bayan kyamara take. Babbar riga, turare har bakin zaure, Mama yake ce mini. Da farko lafiya. Ya tambaye ni yadda garinmu yake a da, da yadda ake yi wa shanu magani kafin allura ta zo. Ina ba shi amsa, har na fara sakewa. Sai janareta ya fara tari a waje, fitilu suna lumshewa. Matar ta tashi da sauri ta fita ta duba.

Fitarta ke da wuya mai babbar riga ya ɗaga wa wani hannu. Na ji ƙarar sanda a siminti. Na ji jan ƙafa. Kafin in ankara an ajiye kujera dab da tawa, an zaunar da shi, har gefen rigarsa na taɓa zanina.

Mai gabatarwa ya ɗaga murya. "Masu kallonmu, ga uwa, ga ɗa! Mama, dube shi. Kira sunansa ki faɗa masa abin da ke ranki."

Shi a ganinsa alheri ya yi mana. Na san haka yanzu. A lokacin kuwa ji na yi kamar an kware mini zani a tsakiyar kasuwa. Na ja mayafi na rufe fuska, na miƙe. Na manta da gwiwa, na manta da waya. Akwatin nan ya faɗo daga ƙuguna yana bina a ƙasa kamar akuya da igiyarta. Ina shiga ɗakin matarsa na ji muryarsa a baya, kalma ɗaya bayan ɗaya: "Ku... ƙyale... ta."

Babbar 'yarsa ta biyo ni. Mace ce da aurenta da goyonta, a birni ta tashi, ɗanta na fari sunansa take kira har da sumbata, ban kuma taɓa ce mata don me ba. Ta tsaya a kaina tana kuka.

"Kaka, ko yanzu ma? Yana cikin wannan hali? Me Baba ya yi miki ne da ba kya ƙaunarsa?"

Uwarta ta daka mata tsawa, amma magana ta riga ta fita. Na ƙi motarsu, na sa aka kai ni tasha. Washegari matarsa ta kira ƙanensa a waya, ta ce tun jiya bai sa komai a baki ba, ya juya wa ƙofa baya.

A nan tsoro ya shige ni. Shekara hamsin ina zaton ya sani. Duk ɗan fari ya sani, haka muka ɗauka. To in bai sani ba fa? In shi ma abin da 'yarsa ta faɗa ne yake kwance a ransa, kuma ga shi a bakin hanya, ni ma a bakin hanya?

Kwana uku tsakani matar talabijin ta zo, ita kaɗai, a motar haya da ɗan acaɓa. Na amsa sallama, ban ƙara komai ba. Ina ɓarar gyaɗa a inuwar darbejiya. Ta jawo kwando ta zauna ta sa hannu. Mun kusa cika tiya kafin ta yi magana.

"Iya, ba zan ce ban sani ba. Tun a mota ya kawo shawarar, na ce a'a. Na ɗauka a'a ɗina ta isa. Kamata ya yi in tsaya a kanki ko da janareta zai ƙone. Laifina ne."

Na ce, "Kin rubuta. Kin karanta mini."

"Na rubuta."

Ta ce ogansu ya ga hoton, ya ce wurin nan da na rufe fuska na gudu shi ne zai sa mutane su kalli shirin. Ta ce masa ta ɗaukar wa tsohuwa alkawari uku, an karya biyu a bayan idonta, na ukun yana hannunta. Ya ce in babu uwa shirin ya mutu. Ta ce to ya mutu. Ta buɗe na'urarta a kan cinya, ta nuna mini kaina ina jan akwati a ƙasa, ta danna wani wuri, hoton ya ɓace. Ni ban san yadda waɗannan abubuwa suke ba. Na dai dubi fuskarta, na yarda.

Ba ta roƙe ni in sake ba. Ta tafi, bayan kwana goma ta dawo. Na ce shirin ya mutu, me kuma ya kawo ki? Ta ce man zafin ya kamata a ce ya ƙare.

A zuwan da ya biyo baya ta same ni zan tankaɗe garin tuwo. Ta ce in ba ta. Na ce ta ɗauko rariya a ɗaki. Ta fito da wata tsohuwa da ke rataye a bayan ƙofa, bakinta duk ɗinki, ragarta ta yi baƙi.

"Ba wannan ba. Mayar da ita."

"Ai na ga alama. Wannan ko tsakuwa za ta wuce. Ajiyar me ake yi mata, Iya?"

Da bakina ya buɗe, ban iya cewa ni ba. Ga yadda ya fito.

Akwai wata mata a wani gari kusa da iyaka. Tana da ɗa a hannun uwarta, a wani ƙauye. Yana shekara huɗu ƙyanda ta shigo ƙauyen, ta ɗauki yara, ta ɗauki yara, har ta kama shi. Labari ya iske matar tana daka. Ba ta isa ta ce za ta je duba shi ba, sai a ce ba ta da kunya. Sai ta ce wa uwar mijinta rariyarta ta huje, za ta je gida aro. Ta kama hanya. Ta isa, ta gaida uwarta, ta zauna a bakin ƙofa ta ba shi baya. Ba ta dube shi ba, ba ta taɓa shi ba. Numfashinsa take saurare. Yana ja da ƙyar, tana ja tare da shi. Da rana ta karkata ta ɗauki rariya ta koma. Washegari ta ce za ta mayar da kayan mutane. Jibi ta ce tankaɗe bai ƙare ba, za ta sake arowa. Kwana tara rariyar nan tana tafiya tana dawowa. Uwar miji ta sani, uwarta ta sani, ba wadda ta ce komai. A rana ta tara tana zaune ta ji wata 'yar murya a bayanta ta ce, "Inna, ruwa." Ba ita ake kira ba. Ta tashi ta ɗauki rariya ta kama hanya, sai da ta shiga cikin dawa inda ba kowa sannan ta zauna ta yi kukanta. Rariyar ba ta sake mayarwa ba. A ɗakinta kuwa akwai rariya biyu, lafiyarsu ƙalau.

Da na yi shiru na ga matar ta cire gilashi tana goge shi da bakin mayafi.

Ta ce, "Ni ma 'yar fari ce. Tawa uwar ta rasu ban ji komai daga bakinta ba. Ban sani ba ko ta taɓa zuwa aron rariya."

Na ce, "Ta je."

Muka yi tankaɗe. Can ta ce, "Iya, wannan labarin naki ne. In kin ce ya tsaya a nan, ya tsaya, ko a littafina ba zan sa ba. Amma tun da kika fara ba ki kama sunan kowa ba, ba ki zauna da kowa ba. Labarin wata mata kika ba ni. Shi kuwa yana kallon talabijin."

Na ce ta ba ni kwana biyu. Ban kai kwana biyun ba na sa aka kira ta.

Wannan karon a tsakar gidana aka yi. Ba mai babbar riga, ba fitila. Wani dattijo ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya gaishe ni, ya koma zaure ya zauna. Ita ta zauna a tabarma a gabana. Maƙwabciyata, wadda muka tsufa tare, ta leƙo ta kan katanga.

"Yau kuma tatsuniya da rana tsaka?"

Na ce, "Ba tatsuniya ba ce. Sauka kafin ki karye."

Na ba da labarin rariya. Na ƙara da na ranar da yaron ya ciyo kyautar kwano a makaranta, ya kawo wa matar da gudu, ta ce, "Ajiye can," ba ta ko waiwaya ba, kwanon kuwa har yau shi ne a saman jerenta, ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Na ƙara da yadda ta san kukan babur ɗinsa a cikin babura goma, in ta ji ya doso gari sai ta dama fura, ta ce a kai wa baƙin da ke zaure, ko da baƙon ɗaya ne.

Bayan mako ta dawo da hoton a na'ura, yadda ta yi alkawari. Na kalla tun daga farko. Akwai wuri ɗaya da na sa bakin mayafi na share ido. Na ce a cire.

"Iya, wallahi nan ne ya fi kyau."

"Cire."

Ta dube ni, ta dubi na'ura, ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda zai yanka ragon da ya yi kiwo. Ta cire.

Ranar da aka nuna ban kalla ba. Na ce gwiwa ta tashi. Na yi zaton matan gari za su ce tsohuwa ta zubar da kunya a gaban duniya. Ba wadda ta ce. Maƙwabciyata kawai ta shigo da safe ta tsaya a kaina ta ce, "Daga yau ba mai sake ba ki aron rariya a unguwar nan." Ta zauna muka ci goro. Ita ma tana da nata ɗan farin a Kano, shekara nawa ba ta kama sunansa ba.

Matar talabijin ba ta yar da ni ba bayan ta samu abin da ta zo nema. Duk Sallah sai ta kira. Da ƙanwata ta rasu ta zo gaisuwa da ƙafarta. Amma wannan daga baya ne. A lokacin ni kunnena yana Daura, kuma Daura shiru. Mako ɗaya, shiru. Ban tambaya ba. Wa zan tambaya, in ce me?

Juma'a ta biyu, bayan an sauko daga masallaci, na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Na ji sanda. Na ji jan ƙafa, a hankali, a hankali, tun daga zaure. Na gyara zama na fuskanci bango. Durƙuso ya gagare shi yanzu, sai babbar 'yarsa ta ajiye masa kujera a bakin ƙofa, daidai inda ya saba. Ta leƙo ta gaishe ni da murya ƙasa ƙasa, ta ja da baya.

Na ce, "An zo lafiya?"

"Lafiya... lau."

Ya shiga tattara harshensa. Ina jin numfashinsa a bayana.

"Yaya."

"Na'am."

"Matar nan... ta cikin labari."

Ban motsa ba.

"In kin gan ta... a gaishe ta."

Na dubi bango. Akwai wata tsaga a wurin da na daɗe ina cewa a liƙe. Na dube ta har ta daina rawa a idona.

Na ce, "Za ta ji."

Sannan na tambayi matarsa, na tambayi yara. Na kira 'yarsa na ce ga fura can na dama tun safe, ban san dalili ba, a miƙa wa baƙon da ke bakin ƙofa. Da hannun hagu ya sha. Ban waiwaya ba. Ina dai jin ludayi yana taɓa ƙwarya, yana taɓa ƙwarya, har ya kai ƙasa.